TAKABAR DA LITTAFI YA KAWO

Shafi na 14

Jibiya, daminar 1955.

"Wallahi duk wadda ta sake taɓa mini kai sai na karya mata yatsa!"

Salmatu ta fizge kanta daga hannun tsohuwar da ke tsefe mata kitso. Rabin kan ya riga ya warware, rabi yana nan a kitse. An cire mata awarwaro. An ajiye mata wani tsohon zane a gefe, da 'yar wuƙar nan da mai takaba ke riƙewa. A tsakar gida mata na ta dakan gumbar sadaka.

Inna Hajo, uwar mijinta, tana zaune a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura.

"Ɗiyata, ki bari. Yaron nan ruwa ya ci shi."

"Wa ya gani, Inna?"

"An karanta a kasuwa. Gaban kowa."

"Na ce wa ya gani?"

Inna Hajo ta rufe fuska da bakin zane.

Damina uku ke nan da Ɗantala, mijin Salmatu, ya tafi Ikko aikin jirgin ruwa. Rabon da a ji daga gare shi tun bara. Ana nan sai Malam Kalilu, mai koyar da ajin Yaƙi da Jahilci, ya dawo daga Zariya da wani littafi, Jirgin Sarkin Iska. Kowace Lahadi, ranar kasuwa, yakan karanta babi guda a rumfar Kofur Lado da ke kusa da sandar kwastan. A cikin littafin akwai wani mai zuba gawayi a tukunyar jirgi. Sunansa Ɗantala. Bakatsine. Bahago.

Mijin Salmatu ma bahago ne.

Ranar Lahadin da ta wuce igiyar ruwa ta share Ɗantalan littafi daga kan jirgi, babi ya ƙare a nan. Labari ya kai Daddara, Baba Nagoggo ƙanin mahaifin Ɗantala ya hau jaki ya taho. Yau Alhamis ya yanke magana: a yi sadaka, matar ta shiga takaba.

Salmatu ta miƙe. Ta yafa mayafi a kan rabin kitson, ta sunkuya ta ɗauki wuƙar.

"Ina za ki?" in ji Inna Hajo.

"Wurin wanda ya kashe shi."

"Cikin maza? Salmatu! Ku tare ta!"

Babu wadda ta tare ta. Sun ga abin da ke hannunta.

*

A rumfar Kofur Lado musu ya riga ya yi zafi. Tun ranar Lahadi ba a yi wata hira ba a garin.

"Kyaftin Jatau ya yi daidai!" Kofur Lado ya buga sandarsa a ƙasa. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama, kuma shi kaɗai ne a Jibiya ya taɓa ganin teku. "Jirgin 'yan fashi na bayanka, igwa na tashi, ka tsaya don mutum guda? A soja ba a haka."

"Matsoraci ne!" in ji Abu, wani falke ɗan Maraɗi da motarsa ta lalace a bakin iyaka tun shekaranjiya. "Mu in jakin mutum ya faɗi a ayari sai madugu ya tsaya. Jaki hwa! Wanga kyaftin naku ko waiwaye bai yi ba."

"Jirgi ba jaki ba ne, mutumin Faransa. Ba shi da linzami."

"To mi ye amfanin ƙaton keken da yake juyawa?"

Wani mahauci ya ce, "Ni mai littafin nake jin haushi. Gaggawa gare shi kamar an biyo shi. Mutum bai gama faɗawa ruwa ba, an harba igwa. Igwa ba ta huce ba, wuta ta kama. Ko abinci ba su ci a jirgin nan?"

"Da sun tsaya cin abinci da kai ne na farkon yin gyangyaɗi."

Malam Kalilu yana gefe, ya dafe kai da hannu biyu.

"Jama'a, na faɗa na ƙara. Ƙagaggen labari ne. Wani ne ya zauna a ɗakinsa ya ƙirƙira. Baba, don Allah ka aika a tsai da sadakar nan."

Baba Nagoggo ya gyara zama a kan buzunsa.

"Malam, da mi aka buga littafin nan?"

"Da inji."

"Takardar haraji da mi ake buga ta?"

"Da inji, amma..."

"Ka taɓa ganin ta yi ƙarya? In ta ce ka biya, ba ka biya?"

Rumfa ta ɗauki "Haka ne, haka ne."

"Kuma ga shaida," in ji Baba Nagoggo. "Kofur, faɗa masa."

Kofur Lado ya miƙe tsaye kamar za a yi fareti. "Amai da ake yi kwanan farko, na yi shi. Igiyar ruwa da ta fi kukar bakin kasuwa tsawo, na gan ta. Kifin da ke tsalle yana bin jirgi, na jefa masa biskit da hannuna. Babu abin da littafin nan ya faɗa a kan teku da ba haka yake ba. Wanda ya rubuta shi yana cikin jirgin."

"Kofur, tatsuniya ma akwai kura a ciki, kuma akwai kura a daji."

"Tatsuniya ba a sa mata lambar shafi!"

"Liman ya ce sai an sami shaidu biyu," in ji Malam Kalilu.

"Littafi ɗaya," Baba Nagoggo ya lanƙwasa yatsa. "Kofur biyu."

A daidai nan rumfar ta yi tsit.

Salmatu ce tsaye a bakin rumfa. Mayafin ya zame, kowa na ganin rabin kanta a tsefe. Ta durƙusa ta gaida Baba Nagoggo kamar yadda aka saba, sannan ta miƙe. Ba ta jira an ba ta izini ba.

"Baba, na zo a buɗe littafin."

"Ke! Wa ya fito da ke? Mai takaba a tsakiyar maza?"

"Ban shiga ba tukuna."

"Za ki shiga yau."

"Ba zan shiga ba, Baba. Mutumin cikin littafin nan ba maigidana ba ne. Bahago ɗaya ne a ƙasar Katsina? Suna kuwa, a garin Gangara kaɗai na san masu shi uku."

"Yarinya, ki kama bakinki."

"Na kama tun Lahadi, ga inda ya kai ni." Ta nuna kanta. "Amma tunda kun mai da littafi alƙali, to alƙali bai gama magana ba kuka tashi. A buɗe shi ya ƙarasa."

Idanun kowa suka koma kan ginshiƙin rumfa. A can wata gafakar fata take rataye, littafin na ciki, an zura kwaɗo biyu a maɗaurin fatar. Makulli ɗaya na wuyan Kofur Lado, na mutanen Jibiya. Ɗayan na aljihun Abu, na mutanen ƙasar Faransa, waɗanda ba su ƙetarowa sai ranar kasuwa. Dokar ta samo asali ne tun babi na uku, da mutanen Jibiya suka yi satar karatu ranar Laraba, suka je bakin iyaka suna faɗa wa 'yan Maraɗi wanda ya ci amanar kyaftin. An yi dambe ranar, wani ya bar haƙorinsa a gindin sandar kwastan. Tun daga nan ko Malam Kalilu ba ya leƙa gaba.

"Ba a buɗewa sai Lahadi," in ji Kofur Lado. "Doka ce."

"To a bar takaba sai Lahadi."

"An riga an daka gumba," in ji Baba Nagoggo. "Mutane sun taho daga Daddara da Mazanya. In ce musu mi? Su koma, matarsa na jiran kasuwa?"

"To a buɗe yau."

Mahaucin ya yi dariya. "Ke mi kika sani a kan littafin? Mata na zuwa karatu ne?"

"Darnin gidanmu da mi yake jingine?"

Ya waiwaya ya dubi bayan rumfar. Darnin kara ne, da ramuka ƙanana a jere, daidai tsayin mutum in yana zaune.

"Babu babin da ya wuce mu," in ji Salmatu. "Mu bakwai, wani lokaci har da Inna. Kuma mun fi ku ji, don mu ba mu katse Malam da gardama."

Wani ya tuntsire da dariya, Baba Nagoggo ya harare shi.

"Na san halin mai littafin nan," ta ci gaba. "Ba shi iya kashe mutum ya yi shiru. Da kukun jirgi ya mutu, ya nuna mana. An naɗe shi a tamfol, an ɗaura masa ƙarfe a ƙafa, an jefa. Da aka harbe maci amana, har ƙudan da ya sauka a leɓensa sai da ya faɗa mana. Ko ba haka ba?"

"Haka ne," in ji Abu.

"Amma ranar da ɗakin albarushi ya fashe da Kyaftin Jatau a ciki fa? Kuka yi ta salati a nan. Baba Kofur har da hawaye."

"Hayaƙin taba ne!"

"Kasuwa ta zagayo, sai ga kyaftin a kan ganga yana zagin kifi. An nuna muku gawarsa? Ba a nuna ba. Ta mai zuba gawayin ma an nuna muku? Ruwa ya ɗauke shi, babi ya ƙare. Mutumin nan in bai nuna gawa ba, ajiye mutum ya yi."

Rumfa ta ɗauki gunaguni. Wasu na gyaɗa kai.

Baba Nagoggo ya dube ta. Shi ya goyi Ɗantala bayan rasuwar wansa, shi ya kai kuɗin aurensa.

"Kina tsammanin daɗi nike ji? Tsoro nike a bar shi can ƙarƙashin ruwa babu mai yi masa addu'a."

"Ni kuma tsoro nike in yi wa mai rai takaba, Baba."

"To. In an buɗe aka ga gawa?"

"In koma da ƙafata in zauna. Ni zan ƙarasa tsefe kan da hannuna."

Malam Kalilu ya zabura ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"Salmatu, ki yi tunani. Ni ma ban san abin da ke gaba ba. Kina ɗora kanki a bakin alƙalamin wanda bai san kina duniya ba."

"Su suka fara ɗora ni, Malam."

Kofur Lado ya ciro makullinsa daga wuya, yana ƙunƙuni. Aka juya ga Abu.

Abu ya dafe aljihu.

"A'a. Ni amana aka ba ni. Mutanena na can bayan duwan, kwastan ɗinmu, suna ƙirga kwana. Su ji an buɗe babu su? Ba ni sake shiga kasuwar Maraɗi da hula a kaina."

"Ka ce musu miji aka so a binne wa wata da ransa."

"Ba ki san su ba. Akwai wanda ya ɗaga bikin ɗiyarsa don babi na tara."

Salmatu ta juya masa baya. Ta ratsa tsakiyar maza, suna ja da baya suna tattare riguna. Ta kai hannu ta sauko da gafakar. Ta ɗora kaifin wuƙar a kan maɗaurin fatar.

"Ko ku buɗe da makullinku, ko in buɗe da wuƙar da kuka ba ni."

"La ilaha illallahu! Fatar Agadas ce!"

"To?"

Abu ya dubi wuƙa, ya dubi fuskarta. Ya zaro makulli.

"Amma da sharaɗi! Duk wanda ke nan shi rantse. Ba mai faɗa wa kowa. Ranar Lahadi a sake karantawa, inda ya kamata a yi salati kowa shi yi salati kamar bai taɓa ji ba."

Aka rantse. Har ma'aikacin kwastan da ya baro sandarsa ya zo leƙe, sai da Abu ya sa shi ya ɗaga hannu.

Kwaɗo na farko ya buɗe. Na biyu ya buɗe.

Malam Kalilu ya laso yatsa.

"Babi na sha biyu. Gari bai waye ba jirgin 'yan fashi ya cim musu. Harsashin igwa na farko ya tsinke tuta. Na biyu ya fasa kwalekwalen tsira. Kyaftin Jatau ya yi tsawa, a ƙara wuta! Aka ce masa gawayi ya ƙare. Ya ce a fasa tebura, a fasa gadaje, a zuba!"

"Ka ji ko?" in ji mahauci. "Ya fara gudun nasa."

"Yi mana shiru!"

Shafi ya wuce. An ƙone tebura. Wani shafin ya wuce. An ƙone ƙofofi, an ƙone akwatin kyaftin. Jirgi ya bi ta tsakanin wasu duwatsu biyu, gefensa na gurzar dutse. Babu wanda ya ambaci mai zuba gawayi.

Baba Nagoggo ya girgiza kai. "Kin ji? Ko sunansa ba a kira. An wuce wurin."

Salmatu ta ƙara damƙe ƙotar wuƙa.

"Ci gaba, Malam."

Ba ta san lokacin da Inna Hajo ta iso ba. Sai ji ta yi an kama gefen mayafinta ta baya, an riƙe gam.

"Tukunya ta mutu. Jirgi ya tsaya cik. 'Yan fashi suka jefo ƙugiyoyi, suka fara hawowa kamar tururuwa. A gabansu akwai wani dogo, ya naɗe fuska da jan ƙyalle. Mutum biyu suka tare shi, ya zubar da su. Na uku ya kawo sara ta dama, inda kowa ke karewa, bai sami komai ba, domin takobin mutumin nan a hannun hagu yake..."

"Bahago!" Inna Hajo ta ƙwalla ƙara. "Bahago ne!"

"Inna, bari ya ƙarasa!"

Malam Kalilu ya miƙe tsaye da littafin, muryarsa ta hau sama.

"Ya taka har gaban Kyaftin Jatau. Ya kama jan ƙyallen ya fizge. Ya ce, Kyaftin, ka gane ni? Ni ne Ɗantala da ka bari a ruwa. Waɗannan suka tsamo ni. Na zo in ji dalili."

Rumfa ta fashe.

"Na faɗa muku!" Abu ya cire hula ya buga da ƙasa. "Na ce matsoraci ne! To ga shi, shi ba da amsa!"

"Tawaye ne!" Kofur Lado na ta buga sanda. "Ko an bar ka a ruwa ba ka komawa wurin abokan gaba! A soja harbe shi za a yi!"

"A bar ka a teku mu gani, Kofur!"

Baba Nagoggo ya saki baki. "Ɗan wana? Ɗan fashi? A zuriyarmu ko ɓarawon kaza babu."

"Ɗan fashi ko ba ɗan fashi ba, shina numfashi!" in ji Inna Hajo, tana kuka tana dariya. "Shi dawo, ni zan ja masa kunne."

Salmatu ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta taka har gaban buzun Baba Nagoggo, ta durƙusa, ta ajiye wuƙar a ƙasa.

"Ga kayanku, Baba. A maido mini awarwarona. Gumbar kuma a raba wa baƙi, a ce musu ta murna ce."

"To... to ai shi ke nan. Amma maganar fashin nan..."

"Ba maigidana ba ne, na faɗa. Amma ko wane ne, na gode masa da ya iya ruwa."

Ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe kanta. Maza suka buɗe mata hanya, wannan karon babu mai tattare riga.

Sai ga ƙugin mota daga hanyar Katsina.

Wata babbar mota ce mai bodin katako, ta tsaya a gindin sandar kwastan tana huci. Ma'aikacin ya ruga wurin aikinsa. Mutum ɗaya ne ya diro daga baya. Ba a taɓa ganin irin shigarsa a Jibiya ba: baƙar rigar ulu mai manyan maɓallai a wannan zafi, da wata farar hula marar baki. Yana tafe yana buɗa ƙafa, kamar ƙasar na motsi a ƙarƙashinsa.

Kofur Lado ya daina buga sanda.

"Wannan tafiyar mutanen jirgi ce," ya ce a hankali.

Yaron mota ya miƙo wa baƙon wani akwatin ƙarfe. Kore, gefe guda ya lotsa. An naɗe mariƙinsa da wani tsumma mai ratsin shuɗi.

Salmatu ta ƙura wa tsumman ido.

Ita ta yage tsumman nan daga bakin zanenta. Ita ta naɗa shi da hannunta ranar tafiya, don kar ƙarfe ya ci masa tafi.

Baƙon ya saɓa akwatin ya nufo rumfa. Hausarsa ta mutanen Ikko ce, a karye.

"Sannu ku. Ina neman matar Ɗantala."

Idanu ne kawai suka juya.

Ya bi idanun har kanta. Iska ta ɗaga mayafin, ya ga rabin kan a tsefe. Ya ga tsohuwa da jajayen idanu. Ya sunkuya ya ga wuƙar takaba a ƙasa.

Ya sauke akwatin a hankali, ya cire hularsa.

"Ashe labari ya riga ni zuwa."

Baba Nagoggo ya kai hannu zai ɗauki wuƙar.

Salmatu ta take ta da ƙafa.

"Wane labari?"